Fili, Gida da Kuɗin Ruwa: Ina Malami Zai Ajiye Guminsa?

(Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a taron 'yan ƙungiya da aka yi a Indabo, kafin a shiga muhawara a kan kuɗin asusun haɗin gwiwa.)



Malam shugaban reshe, sakatare da sauran shugabanni, iyayenmu da suka yi ritaya amma suka daure suka zo, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya.

Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana a kan farashin gidaje da kuɗin ruwa, dariya na yi, domin ni malamin lissafi ne na aji biyar, kuma ba na shiga banki sai in albashi ya maƙale. Sai ya ce dalilin zaɓena shi ne na taɓa sayen fili, na kuma taɓa sayar da shi, kuma duk wanda ke nan ya san ban fito ina murmushi ba. Da na ji haka na karɓa. Abin da ke gabanmu yau kuwa yana da nauyi. Da zarar na zauna za a tattauna ko a kwashe abin da muka tara a asusun haɗin gwiwa cikin shekara huɗu a sayi gonar nan ta bakin hanya da aka yi mana tallanta, a yanka ta fuloti-fuloti, a ajiye har ta yi tsada. A cikin kuɗin nan akwai na malamar da take cire naira dubu uku duk wata daga albashin da ba ya kai ta ranar ashirin. Hakkinta ne a yi lissafi a gabanta kafin a taɓa mata ko sisi.

Bari in fara da labarina, tun da shi ya jawo mini wannan tsayuwa. A shekarar 2019 na kwashi adashi, na sayar da bijimin da na yi wata takwas ina kiwo, na haɗa naira miliyan ɗaya cif na sayi fili a gefen garin Wudil. Ranar da aka rubuta takarda a gaban mai unguwa, na kwana ina jin na yi sallama da talauci. Kowa ya ce na yi dabara, domin fili ba ya ciwo, ba ya cin dusa, ɓarawo ba ya kora shi da tsakar dare. A ƙarshen 2024 aka sa ranar 'yata ta fari, maganar kayan ɗaki ta taso, na kai filin gaban dillalai na ce miliyan uku. Wata bakwai ana zuwa, ana zagayawa, ana tafiya. Sai da biki ya rage mako shida masu tayi suka fara fitowa, kuma kowannensu ya san ranar ɗaurin auren kamar shi ne waliyyi. Na sallama a kan miliyan biyu da rabi, na biya la'ada, na koma gida.

Abokai suka yi ta yi mini murna, wai na ci ribar miliyan ɗaya da rabi ina kwance. Ni ma na yarda, har ranar da na zauna da biro da takarda na yi irin lissafin da nake sa yara su yi. A 2019 buhun siminti yana wajen naira 2,600, wato miliyan ɗayata tana sayen buhu 380 da 'yan kai. Lokacin da na sayar, buhu yana wajen naira 10,000, wato miliyan biyu da rabin nan buhu 250 ce. Buhu 130 sun tafi ban ga ƙurarsu ba. In da dala za a auna, a 2019 dala tana wajen naira 360, kuɗina ya haura dala 2,700; a 2025 da dala take wajen naira 1,500, abin da na karɓa bai kai dala 1,700 ba. A kan takarda na ci riba. A kasuwa, inda ake sayen gado da katifa da kwanuka, asara na yi, kuma masu sayar da kayan ɗaki ba su karɓi takardar a madadin kuɗi ba.

Saboda haka idan wani ya ce muku farashin gida da fili ba ya faɗuwa a ƙasar nan, ku tambaye shi da me yake awo. Faɗuwa iri biyu ce. Akwai ta fili, wadda gidan miliyan goma zai koma miliyan bakwai kowa yana gani. Akwai kuma ta ɓoye, wadda lambar take hawa amma kayan masarufi suna hawa fiye da ita. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, da watan Yuni na shekarar da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, irin ta biyun ce ta cinye mutane da yawa ba su sani ba. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce, duk kadarar da ba ta ƙaru da kashi ɗaya cikin uku a shekarar ba, baya ta yi. Mu kanmu da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 71,000 a jihar Kano a ƙarshen 2024, mun san lambar ta hau, mun kuma san abin da take iya ɗaukowa daga kasuwar Juma'a.

To, ina kuɗin ruwa ya shigo? Na san da yawanmu za su ce wannan bai shafe su ba, tun da ba sa ci ba sa bayarwa, kuma hukuncin riba a addininmu sananne ne, ba ni zan koya wa malaman Islamiyya da ke zaune a nan ba. Sai dai wanda ba ya shiga kogi ma ambaliya tana iya iske shi a ɗaki. Babban Bankin Najeriya yana da wani ma'auni da yake sanarwa bayan zaman kwamitinsa, kuma a kan ma'aunin nan sauran bankuna suke ɗora kuɗin ruwan da suke karɓa. A farkon 2022 yana kashi 11.5. Aka yi ta ɗaga shi don a rage kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, har ya kai 18.75 a watan Yulin 2023. Da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin, a watan Fabrairun 2024 kaɗai aka ƙara kashi huɗu a zama guda, aka ci gaba har ya tsaya a 27.5 a watan Nuwamba na shekarar. Sai a watan Satumbar 2025 aka rage shi zuwa 27, ragi na farko tun 2020.

Ku duba yadda wannan yake isowa har Indabo. Idan ma'aunin ya hau, gwamnati ma tana biyan lada mai tsoka ga duk wanda ya ranta mata kuɗi. A 2024 takardun bashin gwamnati na shekara guda sun biya fiye da kashi 20. Attajiri ko kamfanin da a da zai zuba kuɗinsa a filaye sai ya ga babu dalilin wahala da dillalai da rigimar iyaka, ya kai kuɗin can ya kwanta. Masu saye sun ragu ke nan. A ɗaya gefen kuma, ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ke juya kuɗin banki, ruwan ya kai masa wajen kashi 30, ciniki ya ja baya, sai ya fito da filayen da ya ɓoye ya zuba su kasuwa don ya fanshi kansa. Masu sayarwa sun ƙaru. Ni da ban taɓa cin bashin banki ba, a tsakiyar waɗannan biyun na tsaya wata bakwai da filina a hannu. Ko bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, idan za su saya maka kaya su sayar maka da riba a biya sannu a hankali, ribar da za su ɗora tana kallon yanayin kasuwar da suke ciki ne, domin su ma a ƙasar nan suke sayen dizal suna biyan ma'aikata.

Ga wanda zuciyarsa take raya masa ya ci bashi ya gina gidan haya, ga lissafi mai sauƙi. Naira miliyan biyar a kan kashi 30 tana haifar da ruwan miliyan ɗaya da rabi a shekara, wato naira 125,000 duk wata, ba a taɓa uwar kuɗin ba tukuna. Wanene a cikinmu albashinsa zai ɗauki wannan ya bar masa na cefane? Mu ƙaddara kuma an gama gidan a kan miliyan takwas, ana karɓar hayar naira 400,000 a shekara. Kashi biyar ke nan cikin ɗari, kafin a cire gyaran kwano, da kwashe masai, da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Ana yawan cewa a gina wa ɗalibai ɗakuna tun da ga jami'a a Wudil ga kuma makarantar 'yan sanda, kuma lallai akwai kasuwa a nan. Amma mu tuna da 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas, masu ɗakunan haya a garuruwan jami'a suna kallon ƙofofi a garƙame. Mu 'yan ƙungiya ne, ba za mu zargi mai yajin aiki ba, amma mai bashi ba ya tafiya yajin karɓar kuɗinsa.

Wani zai ce to ai ga shi an fara rage ruwan, sai a yi maza a saya kafin farashi ya tashi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin an taɓa yin ta a wata ƙasa aka ga ƙarshenta. A Amurka, babban bankinsu ya saukar da ma'auninsa zuwa kashi ɗaya a 2003. Bashi ya yi araha, bankuna suka riƙa bai wa kowa rancen sayen gida, har wanda ba shi da tsayayyen abin yi, bisa dogaro da cewa gida ba ya faɗuwa: in ya kasa biya a sayar da gidan a ci riba. Irin maganar da aka gaya mini a 2019 ke nan, da wani harshe. Zuwa 2006 aka mayar da ma'aunin 5.25, biyan wata-wata ya yi tsalle, mutane suka kasa, bankuna suka ƙwace gidaje suka zuba su kasuwa gaba ɗaya. Tsakanin 2006 da 2012 farashin gidaje a ƙasar ya sauka da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, miliyoyin iyalai suka rasa matsuguni. A watan Satumbar 2008 babban bankin zuba jari na Lehman Brothers ya durƙushe, girgizar ta zagaye duniya.

Manyanmu da ke nan ba sa buƙatar in gaya musu ta iso nan. Bayan da Charles Soludo ya umarci bankuna a 2004 su kai jarinsu naira biliyan 25, suka fito neman kuɗi, aka riƙa tallan hannun jari a rediyo da ofisoshi da makarantu. Malamai sun saya, 'yan fansho sun saya, wasu bankunan har rance suke ba mutum ya sayi hannun jari da shi. Kasuwar ta kai ƙololuwa a watan Maris na 2008, cikin shekara guda ta zubar da fiye da kashi biyu cikin uku na darajarta. A watan Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Shugaban makarantar da na fara koyarwa a ƙarƙashinsa bayan na fito daga kwalejin ilimi, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya takardun hannun jarinsa suna cikin akwati tare da takardar ɗaukarsa aiki. Gidan da ya faɗi yana Amurka, amma kuɗin sallamar da ya narke na ɗan Wudil ne.

Saukar ruwa tana da wani haɗarin da ya fi kusa da mu. A ƙarshen 2020 ladan takardun bashin gwamnati na gajeren zango ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 15. Kuɗi ya rasa wurin kwana, ya fantsama cikin filaye da hannun jari da dala, kuma a daidai lokacin na ga masu tayi suna bin filaye har cikin gonaki. Duk sa'ad da halattacciyar hanya ta daina biya, sai masu romon baka su fito. Mun ga MMM da ta rufe da kuɗin mutane a watan Disambar 2016, mun ga CBEX a watan Afrilun 2025. Idan ruwan ya ci gaba da sauka a shekara mai zuwa, ku sa ido, za a zo muku har ɗakin malamai da waya a hannu ana nuna muku yadda dubu hamsin take zama dubu ɗari cikin wata.

Kuma ragin ruwa ba ya tilasta wa farashi hawa. A ƙasar Sin gwamnati ta yi ta rage shi, amma tun 2021 farashin gidaje yake sauka, domin an gina fiye da abin da ake buƙata; kamfanin Evergrande, ɗaya daga cikin mafi girma a harkar, kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe shi a watan Janairun 2024.

Ba sai mun je Sin ba ma. A wa'adin mulki na 2011 zuwa 2015 gwamnatin Kano ta gina rukunin gidaje uku, Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Gidaje ne masu kyau da tituna shimfiɗaɗɗu, amma da yawansu sun yi shekaru babu hayaƙin girki, har a 2025 gwamnati ta ba masu su wa'adin su tare ko su zuba 'yan haya, in ba haka ba ta karɓe. Ba siyasa na zo yi ba, kowa ya riƙe jam'iyyarsa a aljihu. Abin da ya sa na kawo shi shi ne kuɗin fansho ya shiga aikin, rigima ta biyo baya, sai a watan Maris na 2024 hukumar EFCC ta miƙa gidaje 324 ga asusun fansho na jihar. Shekara kusan goma ke nan dukiyar tana tsaye a matsayin bulo da kwano, yayin da tsofaffin malamai suke zirga-zirgar neman kuɗin sallama. Asusunmu ƙarami ne, amma cutar iri ɗaya ce: kuɗin da ake buƙatarsa gobe an binne shi a abin da ba ya sayuwa sai jibi.

Akwai kuma faɗuwar da ta fi duka, wadda kadara take komawa babu a wuni ɗaya. A watan Yunin 2023 aka yi rusau a Kano, aka rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi da wasu wurare, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka yanka ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan kasuwar Filin Idi sun je kotu, Babbar Kotun Tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan uku. Waɗannan mutane da takardunsu a hannu. Ina ga mai awon igiya, wanda duk hujjarsa takardar da aka rubuta a zaure? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin riƙe su. Abin da muke saye izinin zama ne, kuma ƙarfinsa yana daidai da ƙarfin takardar da ke bayansa.

Kada a fahimce ni da cewa ina hana mutum mallakar muhalli. Gidan da za ka zauna a ciki da iyalinka daban yake da gidan da ka saya don ya haifa maka kuɗi. Na farko yana biyanka tun daren da ka tare, domin kuɗin haya ya tsaya, gorin mai gida ya ƙare, kuma in farashi ya faɗi bai rage maka ko ɗaki ɗaya ba. Hasali ma, ga matashin malamin da bai mallaki ko taku ɗaya ba, lokacin da kasuwar filaye ta yi sanyi shi ne lokacinsa, domin mai sayarwa ne yake neman sa. Wanda ya sayi filina ya yi sa'a, ba na jin haushinsa. Shi kuwa na biyu, sai an auna shi da sauran hanyoyi kamar yadda ake auna kowace sana'a.

Hanyoyin kuwa ba su da yawa, kuma kowace da aibinta. Ajiyar banki, ga masu karɓar ladanta, ƙa'idar Babban Banki ita ce kada ya gaza kashi 30 cikin 100 na ma'aunin nan, wato wajen kashi takwas a watan Satumbar 2025, alhali hauhawar farashi a watan tana kashi 18. Duk naira ɗari tana rasa ƙarfin naira goma a shekara. Wanda ba ya karɓar ladan kuwa, ko wanda ya ajiye a ƙarƙashin katifa, sha takwas ɗin ce gaba ɗaya a kansa. Hatsi, wanda muka ɗauka ba ya ba da kunya, ya ba da ita a 2025. Bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, kuma damina ta yi kyau, waɗanda suka sayi masara da tsada suka kulle a rumbu suna jiran bazara sun fito da ita a ƙasa da yadda suka saya. Kiwo mun san shi, ga kara nan a Wudil duk Juma'a, yana da riba, yana kuma da ciwo da tsadar dusa.

Akwai takardun Sukuk, waɗanda nake ganin ba mu ba su kulawar da ta kamata ba. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da su a watan Satumbar 2017, na naira biliyan 100, a tsarin haya: ana gina titi da kuɗin masu saye, gwamnati tana biyan su hayarsa sau biyu a shekara, bayan wa'adi a mayar musu da uwar kuɗinsu. Ku da kuke bin titin Kano zuwa Maiduguri kun ga allunan da ke cewa da kuɗin Sukuk aka yi wani sashe nasa. Na watan Mayun 2025 an sa masa hayar kashi 19.75 a shekara, na tsawon shekara bakwai, kuma da naira 10,000 ana iya shiga. A nan saukar ruwa tana yi wa mai haƙuri aiki, domin wanda ya riga ya shiga a kan 19.75 zai ci gaba da karɓar hakan ko da sababbin da za a fitar sun zo da ƙasa da haka. Aibinsa shi ne in naira ta sake faɗuwa irin ta 2023, hayar ba za ta rufe ramin ba, kuma ba kullum ake buɗe sayarwa ba. Sai kuma asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire kashi biyu da rabi na albashi, ake ba da rance a kan kashi shida har tsawon shekara talatin. Miliyan biyar ɗin ɗazu a nan naira 25,000 ce a wata maimakon 125,000. Kashi shida ɗin ma ruwa ne, kowa ya tambayi malaminsa. Amma duk wanda ya ga ana cire masa wannan kuɗi a takardar albashi, ya sani nasa ne, ana mayar da shi idan an yi ritaya, ya adana shaidarsa.

Yanzu ga ra'ayina a kan gonar, kuma ra'ayi ne, kuri'ata ɗaya ce kamar ta kowa. Ban yarda a kwashe asusun duka ba. Asusun nan shi ne asibitinmu idan haihuwa ta zo da gardama, shi ne kuɗin jarrabawar 'ya'yanmu, shi muke dosa idan albashi ya yi jinkiri. Ranar da malami zai zo da takardar likita a ce masa kuɗin yana gona, ranar ce asusun zai fara mutuwa, domin kowa zai daina zubi. In za a saya, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke ciki, kuma kada a ciwo bashi ko na kwabo don a cike. In kuɗin bai kai gonar duka ba, a sayi rabinta, ko a bar ta. An ce mana akwai wani mai kuɗi daga birni da yake son ta, in ba mu biya cikin mako biyu ba za ta wuce mu. Ni ma dillalina haka ya riƙa gaya wa mutane har wata bakwai.

Kafin a biya, ina roƙon a tura mutum uku, a cikinsu har da mace ɗaya, su gano abubuwan da mai talla bai faɗa ba. An ce gonar gado ce. Magada nawa ne, kuma duk sun yarda, har da matan da ke aure a wasu garuruwa da wanda yake ci-rani a kudu? A ji daga bakin dagaci, a je ofishin filaye na ƙaramar hukuma, a je hukumar KANGIS a Kano a tabbatar babu wani aikin gwamnati ko faɗaɗa titi da ya hau kanta. A tambayi maƙwabtan gonar inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta, domin yanzu kaka ce, ko fadama ma ta bushe ta yi kyau. Sa'an nan in an yanka, ni na fi son a fara ba 'yan ƙungiyar da ba su da muhalli, a kan farashin da aka saya da 'yar riba sananniya da aka amince da ita tun farko, su riƙa biya wata-wata daga albashi. Ta haka kuɗin yana dawowa asusu kowane wata, ba mu zauna jiran wani baƙo ya zo ya taya ba. Ragowar kuɗin kuma a bar kaso mai tsoka a hannu don rancen gaggawa, a sa ma'aji ya binciko mana yadda ake shiga Sukuk kafin a sake buɗewa, ya kawo bayani a taro na gaba.

Malam shugaba, na ga sakatare yana duban agogo, kuma na san akwai waɗanda suka zo da hujjojin da suka saɓa wa nawa, ina son in ji su. Takardar da na yi lissafin siminti a kanta tana nan wurina, duk mai so ya karɓa ya duba ko na yi kuskure.